Na je ɓoye allon gefe a Access, sai fom ɗina ya ɓace: yadda ake gano matsalar kod ɗin ɓoye Navigation Pane da Ribbon

 A bidiyon da na nuna muku ƙaramar manhajar lissafin kaya da na haɗa da Microsoft Access, na faɗa a gurguje cewa sai da na kulle kaina a waje kafin na gane kan kod ɗin da ke ɓoye allunan Access. Kod ba ya karantuwa da kyau a bidiyo, balle a allon waya, shi ya sa na zauna na rubuta darasin dalla-dalla a nan, yadda mutum zai iya kwafa ya gwada a kwamfutarsa.

Bari in fara da abin da ya kai ni ga wannan aiki. Kawuna yana da shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai, nan Akra. Ni na haɗa masa rumbun bayanan shagon: teburin kaya da farashinsu, teburin masu karɓar kaya bashi, da fom guda da ake shigar da ciniki. Wata rana yaron shagon ya hango sunayen tebura a gefen hagu, ya buɗe teburin kaya kai tsaye don ya nemo wani abu da sauri, yatsansa ya taɓa ginshiƙin farashi bai sani ba. Access kuwa ba ya tambayarka ko kana so ka adana. Da ka bar layin da ka taɓa, ya adana ke nan. Sai da aka kwana biyu ana sayar da wasu kaya a farashin da ba nasu ba kafin Kawu ya lura. Ya kira ni ya ce: "Ɗana, ka rufe min duk waɗannan abubuwa na gefe da na sama. Fom ɗin ciniki kaɗai nake so yaran nan su gani."

Na ce masa, "To Kawu, ai aikin minti biyar ne." Ashe aikin kwana uku ne.

Allunan biyu da hanyoyin ɓoye su biyu

Abubuwan da Kawu yake nufi guda biyu ne. Na farko allon gefe, wanda Access ke kira Navigation Pane, inda ake jera tebura da fom-fom da rahotanni. Na biyu jerin maɓallan sama, wato Ribbon. Zan riƙa kiransa ribon. Dukkansu sun shigo ne da Access 2007. Kafin nan abin da ake da shi taga ce mai suna Database Window, shi ya sa har yau saitin da ke nuna allon gefe sunansa StartupShowDBWindow a cikin kod. Ka riƙe wannan, domin dabarar da ake ɓoye allon da ita gadon waccan tsohuwar taga ce.

Hanya ta farko ita ce saiti. Ka shiga File, sai Options, sai Current Database. A nan za ka ga akwatin Display Navigation Pane, da Allow Full Menus, da Allow Default Shortcut Menus, da Use Access Special Keys. Waɗannan saituka a cikin fayil ɗin suke zama, suna bin sa duk kwamfutar da ya je, amma ba sa aiki sai ka rufe fayil ɗin ka sake buɗewa. Da yawa a nan suke fara cewa abin bai yi ba, alhali ba su rufe sun buɗe ba.

Hanya ta biyu ita ce kod na VBA, wanda ke aiki nan take amma ba ya zama. Duk buɗewa sai an sake tashinsa. Wanda ya fi yawo a intanet, kuma wanda na fara kwafowa, shi ne wannan:

DoCmd.NavigateTo "acNavigationCategoryObjectType"
DoCmd.RunCommand acCmdWindowHide
DoCmd.ShowToolbar "Ribbon", acToolbarNo

Na sa shi, na gwada a kwamfutata, allon gefe ya ɓace, ribon ya ɓace, na ji daɗi.

Yadda na kulle kaina a waje

Da yake ina so in burge Kawu, sai na ce bari in ƙara tsaro. Na cire alamar Display Navigation Pane, na kashe maɓallan musamman, sannan na kashe damar danna Shift wajen buɗewa. Na kwafa fayil ɗin a kwamfutar shago ranar Asabar da yamma ana shirin rufewa, ban sake gwadawa ba, na tafi gida.

Litinin da safe waya ta shigo. "Ɗana, wannan abu naka ya buɗe amma babu komai a ciki. Ga mutum tsaye ya zo biyan bashi, ban san nawa ake bin sa ba." Da na isa sai na tarar da allo fanko. Babu allon gefe, babu ribon, babu fom. Na danna F11, shiru. Na danna Alt da F11, shiru. Na rufe na buɗe ina riƙe da Shift, shiru, domin ni da hannuna na toshe duk ƙofofin. Garin neman gira na rasa ido. Kuma abin kunyar, kwafin da ke kwamfutata shi ma na riga na kulle shi, ban ajiye wani a buɗe ba.

Ga yadda na fita, ka adana shi domin wata rana zai yi maka amfani. Ka buɗe sabon fayil na Access wanda babu komai a ciki, ka danna Alt da F11, ka ƙirƙiri modul, ka rubuta wannan ka tashe shi:

Sub BudeKofa()
    Dim db As DAO.Database
    Set db = DBEngine.OpenDatabase("C:\Shago\Kaya.accdb")
    db.Properties("AllowBypassKey") = True
    db.Properties("AllowSpecialKeys") = True
    db.Close
End Sub

Ka sauya adireshin fayil ɗin zuwa naka, ka kuma tabbatar wancan fayil a rufe yake. Shi ke nan, Shift da F11 sun dawo aiki. Na ba Kawu adadin bashin mutumin, hankalinsa ya kwanta, ni kuma na zauna neman abin da ya faru.

Abin da na koya a kwanakin nan uku shi ne, idan kod ɗin ɓoye allo ya ƙi yin abin da kake so, kada ka yi ta sauya layuka kana gwada sa'a. Tambayoyi uku za ka yi, a jere: kod ɗin ya tashi kuwa? A kan wa ya sauka? Yaushe ya tashi?

Tambaya ta farko: kod ɗin ya tashi kuwa?

Idan ka buɗe fayil ka ga komai yana nan kamar ba ka rubuta komai ba, mafi yawan lokaci kod ɗin bai ma tashi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa MsgBox "Na tashi" a layin farko. Idan saƙon bai fito ba, to matsalar ba ta layukan ɓoyewa ba ce. Ka duba waɗannan.

Amana. Access ba ya tashin VBA a fayil ɗin da bai aminta da shi ba. Za ka ga zare mai ruwan ɗorawa a sama da maɓallin Enable Content. Idan kuma makiro ne ke kiran kod ɗin, yakan tsaya da kuskure mai lamba 2950. Maganin shi ne ka shiga File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Trusted Locations, ka ƙara foldar da fayil ɗin yake ciki. Lura da kyau: wannan amana ba ta bin fayil. A kan kowace kwamfuta, ga kowane mai shiga da sunansa, sai an yi ta daban. Shi ya sa abu yake aiki a gidanka ya ƙi yi a shago.

Fayil ɗin da ya biyo ta intanet. Tun 2022 manhajojin Office, har da Access, suna toshe VBA gaba ɗaya a fayil ɗin da aka sauke ta burauza ko imel. Wannan karon zaren ja ne, kuma babu Enable Content. Ka rufe fayil ɗin, ka danna masa dama, ka shiga Properties, ka sa alama a Unblock. Ga irinmu da muke tura wa 'yan uwa fayil daga wata ƙasa zuwa wata, wannan ya fi komai yawan faruwa.

Makiron AutoExec. Duk makiron da ka sa wa wannan suna, Access yana tashinsa da kansa wajen buɗewa. Amma umarnin RunCode da ke cikinsa Function kaɗai yake iya kira, ba ya kiran Sub. Dole kuma ya zama Public, a cikin modul na gama-gari, ba modul ɗin fom ba, ka rubuta sunan da baka biyu a ƙarshe, kamar Farawa(). Kada kuma ka ba modul suna ɗaya da Function ɗin da ke cikinsa, yana rikita Access.

Kuskure a wani wuri daban. A tagar VBA ka shiga Debug ka danna Compile. Layi ɗaya da ya lalace yana iya hana duk modul ɗin tashi. Wanda na fi gani shi ne tsohon kod mai farawa da Declare da aka kwafo, aka sa a Office mai bit 64. Irin wannan sai an ƙara masa kalmar PtrSafe, wadda ta shigo da Office 2010.

Haruffanmu masu lanƙwasa. Tagar VBA ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, tana mayar da su alamar tambaya. Za ka lura na rubuta BudeKofa da BoyeAllo babu lanƙwasa. A rubutun da ke jikin fom kana iya amfani da su, amma sunayen da kod zai kira, ka bar su da haruffa miƙaƙƙu.

Sannan idan akwai On Error Resume Next a saman kod ɗinka, cire shi tukuna. Wannan layi yana haɗiye kuskure ne kawai, kai kuma kuskuren kake nema.

Tambaya ta biyu: a kan wa ya sauka?

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne na faɗi. Dubi layin nan da kyau:

DoCmd.RunCommand acCmdWindowHide

Babu inda aka ambaci allon gefe a cikinsa. Ma'anarsa kawai: ɓoye tagar da take da fokas yanzu, wato wadda Access ke fuskanta a wannan daƙiƙa. Makaho ne da sanda, duk wanda ya tarar a gabansa shi zai buga. Aikin layin da ke gabansa shi ne ya juyar da fuskar Access zuwa allon gefe, domin sandar ta sauka a inda ake so.

Ranar da na fara gwadawa, allon gefe yana bayyane, don haka komai ya tafi daidai. Amma da na cire alamar Display Navigation Pane, fayil ɗin ya buɗe allon a ɓoye tun farko. Layin NavigateTo ya yi nasa, amma fokas bai bar fom ɗin ciniki ba, sai layi na biyu ya ɓoye fom ɗin. Layi na uku ya kawar da ribon. Abin da ya rage wa Kawu shi ne allo fanko. Tsaron da na ƙara shi ya karya kod ɗin, gyaran gangar Auzinawa.

Yadda na tabbatar: bayan na dawo da maɓallan musamman, na buɗe fayil ɗin ba tare da Shift ba, allo fankon ya fito, na danna Ctrl da G domin tagar Immediate, na rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

? CurrentProject.AllForms("frmCiniki").IsLoaded
? Forms!frmCiniki.Visible

Na farko ya ba ni True, na biyu ya ba ni False. Wato fom ɗin yana buɗe, lafiyarsa ƙalau, ɓoye shi kawai aka yi. Duk ranar da ka ga allo fanko, fara da waɗannan layuka biyu kafin ka tsorata cewa bayananka sun tafi.

Gyaran shi ne a yi amfani da SelectObject, wanda idan ka ba shi True a ƙarshe yana fito da allon gefe ko da a ɓoye yake, ya kuma kai fokas kansa. Ga kod ɗin da nake amfani da shi yanzu:

Public Function BoyeAllo()
    On Error GoTo Kuskure
    DoCmd.NavigateTo "acNavigationCategoryObjectType"
    DoCmd.SelectObject acTable, "tblKaya", True
    DoCmd.RunCommand acCmdWindowHide
    Exit Function
Kuskure:
    MsgBox Err.Number & ": " & Err.Description
End Function

Layin farko yana jera abubuwan allon bisa nau'insu, domin teburin ya samu wurin bayyana. Na biyu yana nuna allon ya zaɓi tebur ɗaya a cikinsa. Ka sa sunan teburin da ka tabbata yana nan. Na uku ya ɓoye. Amfanin On Error GoTo a nan babba ne: idan layi na biyu ya gaza, kod ɗin zai tsallake zuwa Kuskure, ba zai kai ga layin ɓoyewa ba. Da Resume Next ne, zai wuce ya bugi fom ɗinka. Za ka ga allon ya ɗan ƙifta kafin ya ɓace, wannan ba matsala ba ce.

Tambaya ta uku: yaushe ya tashi?

Kod mai kyau a lokacin da bai dace ba, shi ma matsala ne. Wajen buɗe fayil, Access yana fara bin saitukan farawa, ciki har da fom ɗin da ka zaɓa a Display Form, bayan nan ne yake tashin AutoExec. Ma'ana kafin makironka ya motsa, fom ya riga ya buɗe.

Idan fom ɗin na yau da kullum ne, SelectObject zai iya ɗauke fokas daga kansa. Amma idan an saita shi Modal, kamar yadda ake yi wa fom ɗin shigar da kalmar sirri, to aikinsa ke nan ya riƙe fokas ya hana shi zuwa ko'ina har sai an rufe shi. Kod ɗinka ba zai kai ga allon gefe ba. Ko dai ka samu kuskure irin mai lamba 2046, mai cewa umarnin ba ya samuwa yanzu, ko kuma fom ɗin da kansa ya ɓace.

Mafita ita ce ka karɓe tsarin a hannunka. Ka mayar da Display Form zuwa none, ka bar AutoExec ya kira Function ɗaya da zai jera komai yadda kake so:

Public Function Farawa()
    BoyeAllo
    DoCmd.ShowToolbar "Ribbon", acToolbarNo
    DoCmd.OpenForm "frmShiga"
End Function

A ɓoye allo tukuna, tun babu wani fom da zai tsaya a hanya, sannan a buɗe fom. Tunda na koma wannan tsari ban sake ganin allo fanko ba.

Idan allon ya dawo da kansa ana tsakiyar aiki

Bayan mako guda Kawu ya sake kira, ya ce allon gefen ya dawo, yana zargin yaron shago ne ya yi wani abu. Ba laifin yaron ba ne. Akwai maɓallin da na sa mai haɗa jerin farashin Excel da wani dila yake turowa, kuma ina amfani da DoCmd.TransferSpreadsheet da acLink. Halin Access ne, idan aka ƙulla sabon tebur ta wannan hanya, ko ta TransferDatabase da acLink, yana fito da allon gefe ko da saitinka ya ce a ɓoye.

Hanyoyi biyu ne. Mai sauƙi, ka kira BoyeAllo daidai bayan layin ƙullawar, sannan ka mayar da fokas kan fom:

BoyeAllo
DoCmd.SelectObject acForm, Me.Name

Wadda ta fi tsafta kuma, idan teburin ya riga yana ƙulle kuma adireshi kawai kake son sauyawa, ka gyara Connect na TableDef ɗinsa ka kira RefreshLink. Wannan ba ya taɓa allon gefe ko kaɗan.

Wani dalilin da ke dawo da allon shi ne F11. Muddin Use Access Special Keys yana da alama, duk wanda ya danna F11 allon zai fito. Cire alamar yana kashe F11, da Ctrl da G, da Alt da F11, da Ctrl da Break gaba ɗaya.

Matsalolin ribon

Ribon ya fi sauƙi domin layinsa yana kiran sunansa kai tsaye, ba ruwansa da fokas. Amma yana da tarko biyu.

Na farko, ShowToolbar da acToolbarNo yana kwashe komai na sama, har da File da ƙananan maɓallan gaggawa. Idan mai amfani ya buɗe rasit a Print Preview, ba zai ga maɓallin bugawa ko na rufewa ba. Idan ka kuma kashe menun danna-dama, to ya maƙale. Ni abin da na yi, a Report_Open na rahoton na sa:

DoCmd.ShowToolbar "Ribbon", acToolbarYes

a Report_Close kuma na mayar da acToolbarNo.

Na biyu, wasu ba sa son ɓoye ribon duka, naɗe shi kawai suke so, sai su yi amfani da CommandBars.ExecuteMso "MinimizeRibbon". Wannan layi kamar makunnin fitila yake: idan a buɗe yake ya naɗe, idan a naɗe yake ya buɗe, daidai da danna Ctrl da F1. Access kuma yana tuna yadda aka bar shi. Sakamakon shi ne yau ya yi, gobe ya ƙi, jibi ya yi, har ka fara zargin kwamfutar. Ka fara tambaya kafin ka danna:

If Not CommandBars.GetPressedMso("MinimizeRibbon") Then
    CommandBars.ExecuteMso "MinimizeRibbon"
End If

Ga wanda yake son nasa maɓallan a sama maimakon na Access, akwai teburi na musamman mai suna USysRibbons inda ake rubuta ribon da XML, a sa startFromScratch ya zama true. Wannan darasi ne mai zaman kansa, za mu zo kansa.

Saita siffofin farawa da kod, da barin ƙofar baya

AllowBypassKey, wato damar danna Shift, ba shi da akwati a Options. Da kod kaɗai ake saita shi. Kuma a sabon fayil siffar ma babu ita, don haka karon farko za ka ci karo da kuskure mai lamba 3270, mai cewa ba a samu siffar ba. Sai an ƙirƙire ta:

Public Sub Saita(suna As String, daraja As Boolean)
    Dim db As DAO.Database
    Set db = CurrentDb
    On Error Resume Next
    db.Properties(suna) = daraja
    If Err.Number = 3270 Then
        Err.Clear
        db.Properties.Append db.CreateProperty(suna, dbBoolean, daraja)
    End If
End Sub

A nan Resume Next yana da hujja, domin mun san kuskuren da muke jira kuma muna duba lambarsa nan take. Da wannan za ka iya rubuta Saita "AllowBypassKey", False, ko StartupShowDBWindow, ko AllowSpecialKeys, ko AllowFullMenus. Ka tuna duk sai an rufe an buɗe suke aiki.

Kafin ka tashi wannan kod, ka yi abu biyu da ni ban yi ba. Ka ajiye kwafin da ba a kulle ba a wuri daban, shi ne naka na aiki; wanda za a kai shago kaɗai ake kullewa. Sannan ka gina ƙofar baya: wani fom na mai gida da ke neman kalmar sirri, mai maɓallin da zai mayar da siffofin nan True. Kuma bayan ka kulle, ka rufe ka buɗe sau biyu a kan kwamfutar da za a yi aikin da ita, ba taka ba, kafin ka sa takalmi ka tafi.

Akwai kuma gajeriyar hanya: ka sauya ƙarshen sunan kwafin fayil ɗin daga accdb zuwa accdr. Access zai buɗe shi a yanayin Runtime, babu allon gefe, babu ribon da aka saba, babu maɓallan musamman. Sharaɗinsa, dole ka samu fom ɗin farawa, kuma kowane kod ya zama yana kula da kuskure, domin a wannan yanayi kuskuren da ba a tare ba yana rufe manhajar gaba ɗaya.

Labule ne, ba ƙofar ƙarfe ba

Ka sake duba yadda na buɗe fayil ɗin da na kulle: 'yan layuka kaɗan daga wani fayil na daban. Duk wanda ya karanta wannan darasi zai iya yin haka. Shi ma accdr, a mayar da sunansa accdb ya buɗe. Ko Excel ma yana iya jawo teburan fayil ɗin da babu kalmar sirri a kansa. Saboda haka ɓoye alluna yana kare ka ne daga kuskuren hannu, irin na yaron shagon Kawu, ba daga mai niyyar ɓarna ba.

Na gaya wa Kawu wannan ƙarara, domin kada ya ɗauka littafin bashinsa yana cikin akwatin ƙarfe. Abin da muka ƙara: na raba fayil ɗin gida biyu, tebura daban, fom-fom daban, na mayar da ɓangaren fom ɗin ACCDE, wanda ke cire rubutun kod ya hana sauya zanen fom da rahoto, na kulle akwatin farashi a fom ɗin ciniki, kuma kowace yamma ana kwafar bayanan a filasha. Idan kana buƙatar a ce wane yana iya ganin wannan, wane ba ya iya gani, to tsarin accdb ba shi da wannan irin tsaro na mutum-mutum. Sai a kai teburan wani wuri irin SQL Server, Access ya zama fuska kawai.

Ranar da na gama, Kawu ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya danna F11 da kansa domin na nuna masa, bai ga komai ba sai fom ɗin ciniki. Ya ce, "Yawwa, Allah ya yi albarka. Amma nan gaba kada ka ƙara kawo min sabon abu ranar Asabar da yamma." Na ce in sha Allahu, Kawu.

Idan naka ya ƙi yi, ka bi tambayoyin uku a jere, ka rubuta lambar kuskuren da ya fito da nau'in Access ɗin da kake amfani da shi, domin da su ake gane bakin zaren. A bidiyo na gaba za mu gina ribon namu da USysRibbons, mai maɓallai uku kacal da rubutun Hausa: Ciniki, Bashi, Rasit. Sai mun haɗu, Allah ya ba mu sa'a.